Kwana Biyu Kawai Na Iya Biya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma, miƙo mini ita za ka yi ka ce in karanta maka, wai ba ka ga tabaronka ba. Amma ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke raina. Iya na kwance ba lafiya, matata Hadiza kuma ta gaji da ganina ina shiga ina fita kamar wanda ya yar da wani abu.

Yara suna lafiya. Zara ta shiga sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo uwarta. Ruwan bara ya ci katangar bayan gida, na sake ginawa. Ina nan a makarantar da ka bar ni ina koyarwa. Abokinka Alhaji Sale na garin Malam Madori ya zo gaishe da Iya kwanaki, ya tsufa ƙwarai. Ya tsaya a ƙofar gida ya dafa jikin bas ɗinka yana shafawa. Tasa motar ya sayar tun bara.

Maganar bas ɗin ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da ka kawo ta? Ina aji uku a firamare. Ka yi shekaru kana tuƙa ta tsakanin Hadejia da Kano, da ta gaji ka saye ta daga hannun maigidanka. 'Yan tasha suka yi ta dariya, wai Bukar ya sayi gawa. Ka cire kujerun baya, ka sa kafinta ya buga gado biyu da akwatin tukwane, Iya ta ɗinka labule da tsofaffin zannuwanta. Sai da na girma na gane don wa ka yi. Iya a bakin Tafkin Chadi aka haife ta. Tun da ka kawo ta nan take ciwon rashin ruwa mai faɗi, kogin da ke gefen gari bai ishe ta ba. Ka ce mata tun da hanyar garinsu ta yi nisa, daga baya kuma ta ƙi biyuwa, to duk shekara za ka kai ta inda za ta farka ta ga ruwa har iyakar ganinta.

Haka muka yi ta yi. Da an gama kaka an ba mu hutun makaranta, sai mu loda gero da tabarmi mu nufi zangon nan na bayan Guri, ƙarƙashin manyan kukoki, mu yi mako biyu. Ba mu kaɗai ba. Alhaji Sale da iyalinsa, wasu 'yan Kirikasamma da amalanke, masu raƙuma da ke yada zango kafin su wuce kasuwa. Kai da masunta a kwalekwale tun asuba, Iya a gindin bandarta tana kyafa tarwaɗa tana waƙa da Barbarci. A gida ban taɓa jin ta yi waƙa ba. A lokacin abin da ake bayarwa bai wuce goro da kwanon hatsi ga mai unguwa ba.

Kana raye aka fara sa kuɗi, ka gani da idonka. Da farko ɗan kaɗan ne, ka ce ba komai, ai ana share wurin. Sai aka ba wani mai kuɗi daga birni hayar filin, ya kewaye da waya, ya sa ƙofa da allon farashi. Kowace shekara allon yakan canza. Kana biya kana murmushi, amma na lura mako biyu ya koma kwana goma, kwana goma ya koma mako guda.

Baba, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hadiza.

Shekararka ta ƙarshe, bayan ɓarin jikinka ya shanye, tuƙi ya dawo hannuna. Da hutu ya zo ka kira ni, da bakinka da ya karkace ka ce in duba mai da taya. Ni kuwa na riga na tambayi kuɗin zango, na ji ya ninka na bara. Ina da abin biya. Wallahi ina da shi. Babur nake so in saya don in daina tafiya makaranta a ƙafa. Sai na ce maka injin ya buga, makaniki ya ce sai an sauke shi, mu bari sai baɗi.

Ka ce in tayar da ita ka ji. Na fita na tayar, ina wasa da totur don ta riƙa tari. Da na dawo ɗaki ka dube ni. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sauraron wannan injin, ni zan ruɗa? Ka ce to, Allah ya kai mu baɗin. Ka juya fuskarka bango.

Ba ka kai ba. Da damina ta faɗi muka kai ka makwancinka. Babur ɗin yana nan, kullum na hau shi sai na ji kamar a kan ƙirjinka nake zaune. Me ya sa ba ka zage ni ba? Me ya sa ba ka ce Modu, ƙarya kake yi ba? Da ka faɗa, da na tsuguna na ba ka haƙuri, da mun tafi. Ka yi shiru ka bar ni da ƙaryata.

Shekarar da ta biyo Iya ba ta tambaya ba, zuciyarta ba ta kwanta ba tukuna. Bana ne da kanta ta ce tana son ganin ruwa. Idonta ya fara hazo, likita ya ce yana raguwa ne a hankali. Ta ce mini tana so ta gani tun tana iya bambance ruwa da sama. Na rantse a raina ko me zai faru sai na kai ta.

Na yi shiri yadda ka koya mini. Wata guda kafin hutu na hau babur na je zangon da kaina na tambaya. Mai tsaron ƙofa Habu ne, ɗan Malam Isa masunci abokinka, wanda muka koyi iyo tare. Yanzu magidanci ne da 'ya'ya huɗu. Ya gaya mini kuɗin kwana, na lissafa na mako guda. Na sayar da buhun shinkafa biyu cikin wadda muka noma, na haɗa da albashi. Na canza batir, na wanke labulen. Iya ta yi kwana uku tana shiri. Ta sa an daka mata gero na burabusko, ta fito da ragar bandarta ta goge tsatsa da toka, ta ɗaure yaji da daddawa a ƙullin leda. Rabon da in ga ta miƙe haka tun kafin rasuwarka.

Muka isa da hantsi, ni da ita da Hadiza da yara. Tun daga nesa na ga allon sabon fenti ne. Habu ya fito, da ya ga bas ɗin sai ya sunkuyar da kai. Ya ja ni gefe ya ce mako biyu da suka wuce maigidan ya aiko da sabon tsari. Yanzu mota da kuɗinta, kowane kai da nasa, har yara. Babbar mota irin tamu a matsayin ƙanana uku take. Itacen girki sai an saya a ciki, saukar da kwalekwale ma da nasa rasit. Na buɗe abin da na zo da shi a gabansa muka duba tare. Kwana biyu ne.

Na roƙe shi, Baba. Ni da kake cewa girman kai zai kashe ni, na riƙe hannun Habu ina roƙo. Na tuna masa kai ne ka kai uwarsa asibiti a cikin wannan bas ɗin ranar da za ta haifi ƙanwarsa. Ya ce bai manta ba, kuma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ana zuwa a ƙirga motoci safe da yamma, wanda ya riga shi aikin a kan irin wannan alfarmar aka kore shi. Ya ba ni lambar wani da ke kula da wurin. Na kira sau bakwai. Da ya ɗauka ya ce wurin yanzu na masu zuwa kallon tsuntsaye ne da manyan baƙi, in ba zan iya ba akwai bakin kogi da yawa a duniya.

Na biya na kwana biyun. Ban gaya wa Iya ba.

Da ka ga wurin da ba ka gane shi ba. Kukokin suna nan, ruwan yana nan, amma ba kowa. Motoci biyu ne kawai masu baƙin gilashi a can gefe, ba su ko yi mana sallama ba. Masu raƙuma sun daina tsayawa, ta bayan waya suke wucewa. Matan da ke kawo nono da ƙuli sun daina zuwa, wa za su sayar wa? Iya ta sauko, na riƙe ta har bakin ruwa. Ta tsuguna ta ɗiba ta wanke fuska, ta gaishe da ruwan da Barbarci kamar mai gaishe da yayarta. Ta ce tana ganin ƙyallinsa. Ta tambaye ni ina su Alhaji Sale suka ajiye tasu motar, na ce ba su iso ba tukuna. Da yamma Habu ya kawo mata tarwaɗa huɗu a ɓoye cikin buhu, ta hura bandarta. A rana ta biyu na ji ta fara waƙar nan ƙasa-ƙasa.

Safiya ta uku ta ce a jiƙa gero, yau za ta yi mana burabusko irin wanda kake so. Ina tsaye ina kallon Habu yana tahowa daga ƙofa, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Na kasa buɗe baki in ce mata kuɗinmu ya ƙare. Sai na ce mata na samo wuri mafi kyau a gaba kaɗan, inda kifi ya fi yawa. Ka ji? Na sake. Bakin da ya yi maka ƙarya shi ya yi mata.

Na fitar da mu na bi gefen waya ina neman inda za mu ga ruwa kyauta. Babu. Duk inda ba a kewaye ba kacalla ta cinye, ciyawar nan ta fi bas tsawo, ba ka ganin komai sai ganye. Na ci gaba da kutsawa ina cewa yanzu za mu ɓulla. Ƙasa ta yi kamar busasshiya, ashe laka ce a ƙarƙashi. Tayoyin baya suka nutse. Na yi gaba na yi baya, na yi ta dannawa kamar mahaukaci, Hadiza tana cewa in bari, har na ji wani abu ya karye a cikin giya.

Kwana biyu muka yi a wurin kafin a samu tarakta daga Guri. Sauro kamar a ɗiba da kwano. Muka rufe Iya da gidan sauro da duk zanen da muke da shi, bai hana ba. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ta zauna a bakin ƙofar bas tana fuskantar kacalla, can ta tambayi Zara ko ruwan ne a gabanta, don ita duhu kawai take gani, ko idon ne ya ƙarasa. Yarinyar ta dube ni. Na zagaya bayan mota na zauna a cikin laka na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarka.

A bayan tarakta aka jawo mu har gida, unguwa duk ta fito kallo. Kwana uku da dawowa zazzaɓi ya kwantar da Iya. An yi mata allurai ya sauka, ya dawo, yanzu ya taɓa ƙirji. Mako na uku ke nan. Ta rame har zoben da ka saya mata yana zamewa daga yatsa. Likita ya ce sai an kwantar da ita an ƙara gwaje-gwaje a Kano. Ni na kai ta cikin sauron nan. Da na faɗi gaskiya a safiyar nan, da mun juyo gida da kifinta huɗu, da yanzu tana zaune a tsakar gida tana yi mini faɗa.

Makaniki ya duba giyar ya ce irinta ta daina samuwa, sai dai a yi ta nema a Kano, kuma ko an samu ta fi ƙarfina. To ko na gyara, ina zan kai ta? Baɗi allon zai sake canzawa. Wurin da ka yi shekara ashirin da wani abu kana kai mu ya fi ƙarfin malamin makaranta, ya fi ƙarfin Alhaji Sale mai shago biyu. Wa ya rage zai je? Ruwan da Allah ya saukar, yaushe ya zama sai mai baƙin gilashi zai zauna a bakinsa?

Na sa babur a kasuwa, abin da aka taya bai kai ko rabin abin da asibiti ke nema ba. Jiya wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya zagaya bas ɗin, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya leƙa ciki ya ce gadajen ba su da amfani a wurinsa, in cire abina. Yankawa zai yi ya auna a sikeli. Na ce masa na amince. Na karɓi hannunsa, Baba.

Iya ba ta sani ba. Shekaranjiya da zazzaɓin ya ɗan sake ta, ta kira Hadiza ta ce kada a sauke ragar banda daga mota, da ta ji sauƙi za mu koma mu ƙarasa kwanakinmu, wai Modu ya ce ya san wuri mai kifi. Hadiza ta fito ta gaya mini, ta juya ta koma wurinta.

Gobe da hantsi za su zo da motar ja. Tagar ɗakin Iya tana kallon inda bas take, idonta ya raunana amma kunnenta garau yake. Za ta ji sarƙa, za ta ji an ja. Saboda haka yau bayan la'asar zan shiga in zauna a bakin gadonta in gaya mata duka, da allon, da kwana biyun, da babur, da abin da na yi maka. Ban san ko ƙirjinta zai ɗauka ba. Ban san ko za ta sake kiran sunana ba.

Ka yafe mini, Baba. Ban san ko yafiya tana fitowa daga inda kake ba, amma ina roƙo. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba Iya lafiya ko don kada in rasa ku duka biyu da hannuna.

An kira salla. Zan tashi.

Ɗanka,
Modu