Hanne Ta Shimfiɗa Mini Tabarmar Baƙi

Gaya, Jihar Kano.

Zuwa ga jikana kuma angona, Muhyiddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Misra, Ya buɗe maka karatu, Ya raba ka da sharrin baƙunta. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Babanka ya gama cirar gyaɗa a gonar Kademi, bana ta yi albarka. Gwaggonka Haulat ta sauka lafiya, an samu mace mai hanci irin naka, Allah Ya ba ta haƙuri. Ni kuwa, matarka da ka tafi ka bari ba cefane, ina nan da raina, don haka kada ka kuskura ka fara zawarcin Balarabiya.

Ka san tun da likita ya ce ciwon dajin nan na maƙoƙo ya sake tsirowa bayan aikin da aka yi mini a wuya, kai ne ka tono labarin binciken magani a waya, ka hana babanka sakat har ya kai ni asibitin Kano. To sun karɓe ni. Wata likita mai sanyin hali ta zaunar da ni, ta yi mini bayani da Hausa tas. Ta ce maganin ana kan gwada shi ne, ba wanda ya yi mini alkawarin warkewa. Ta ce na'ura ce ta raba mu gida biyu da ƙuri'a, wasu sabon magani, wasu wanda aka saba, kuma ni ban san nawa ba, ita ma ba ta sani ba. Ta ce ranar da na ga dama ina iya cewa na fasa, ba mai fushi. Na ce ashe da tsufana zan zama zakaran gwajin dafi. Ta yi dariya ta ce ai zakaran ba a neman yardarsa. Na sa hannu da kaina, da rubutun yaƙi da jahilcin nan da kake yi wa tsiya. Maganin yana sa tafin ƙafata zafi kamar na taka garwashi, jinina ma sai suna aunawa, amma muryata ta dawo, har ina iya yi wa babanka faɗa daga ɗaki ya ji a zaure.

Ba wannan ne ya hana ni zama ba. Hanne ce. Aminiyata ta Ajingi, wadda take ba ka ƙuli-ƙuli kana yaro kana ɓoyewa a hula. Tun muna 'yan mata ba abin da ɗayarmu ta taɓa samu ta ci ita kaɗai. Atamfa in ta shigo, rabi nata ne. Tsimi, jiƙo, man zafi, duk tare. Ita ma tana da maƙoƙo, ya fi nawa daɗewa, amma ba ta taɓa yarda an duba ba, don tana tsoron wuƙa. Da ta ji muryata ta buɗe, sai ta aiko ɗanta Badaru da ɗan kwanon sha mai murfi, ta ce a zuba mata rabonta na ƙwayoyin.

Muhyiddeen, na rasa inda zan sa kaina. A garin nan wa ke mayar da kwano haka nan? Ko maƙiyinka ne ka jefa masa ƙwayar daddawa. Na buga wa likitar waya na tambaye ta a fakaice, wai wata ce ta tambaye ni. Ta gane ni sarai. Ta ce maganin an auna shi ne da jinina da zuciyata, wanda ba a gwada ba in ya sha yana iya kwantar da shi, kuma ba kowane maƙoƙo ne ciwon daji ba, sai an tsotsi ɗan abu da allura an duba. Ta ce in kawo matar asibiti, shi ne taimakon. Sai na cika kwanon da dabino da zuma na mayar, tare da saƙon abin da likita ta ce. Badaru ya dawo da kunya ya ce Inna ta ce ta gode, amma ba ta taɓa jin rowa mai dogon bayani irin wannan ba, wai har da na'ura da ƙuri'a.

Ranar kasuwar Ajingi na hau mota na je da kaina, da ƙafafun nan nawa. Ni da nake faɗawa ɗakinta ba sallama in hau gado, ka san abin da ta yi? Ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa a kofin gilashi na baƙi, ta zauna nesa tana ce mini Hajiya, ya hanya, ya mutanen Gaya. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi, sai in rama mu wuce. Amma na lura da abin da ba ta so in gani. Muryarta ta dishe. Fura ma sai ta dama ta tsinke kamar ruwa, kuma kowace kurɓa sai ta runtse ido. Haka nawa ya fara. Tun daga ranar, tuwo ba ya yi mini daɗi, in tashi in zauna, in ɗauki carbi in ajiye.

To na yi dabara irin tawa. Na aika wa Badaru cewa ranar komawata asibiti, a zaurensu zan sauka in zauna, kuma ba zan shiga motar Kano ba sai da uwarsa a gefena. In na rasa ranar likita aka cire ni daga binciken, alhaki a wuyanta, ga shi dama wuyan ya cika. Babanka ya ce wannan rigima ce. Na ce wanda ya rasa uwar rigima ya zo Gaya. Kada ka buga waya ka ce za ka yi mini wa'azi. Abin da nake so a wurinka shi ne ka sake tonawa a wayar nan taka, in allura ta nuna abin da muke gudu, ko akwai binciken da zai karɓi irin Hanne. Ka tambaya da kyau, kada ka kawo mana na masu tallar magani a mota.

Ɗazu ina tsakiyar rubutun nan Badaru ya shigo. Hanne ba ta ce za ta je ba, ba ta kuma gaishe ni ba. Cewa kawai ta yi a tambaye ni wace atamfa zan ɗaura ranar, don ba za ta shiga birni a ga kamar ba tare muke ba. Na ce a gaya mata shuɗiyar nan mai ganye, kuma ta goge tata, kada ta kunyata ni. Na yi dariya har ƙafar ta manta da zafi, sannan na tuna yanzu saura abin da allura za ta faɗa. Ka sa ta a addu'a kafin ni.

Babanka da mahaifiyarka suna gaishe ka, da Gwaggo Haulat da jaririyarta, da Kawu Musbahu, da ƙannenka Wasila da Uwais. Ka ci abinci, na ga hotonka duk ka zama sillen kara. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Kakarka Uwa.