Ba Su Zaɓe Ni Ba, Mama

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya mutanen Baní? Ni lafiya lau nake a nan Iowa, garin ƙungiyarmu.

Wasan taurarin besbol, ƙwallonmu ta jifa da sanda, dai ba ni ciki, Tucker, wani Baturen ƙungiyarmu, suka ɗauka. An ce Baba na teburin wasan domino yana cewa, "Gaskiya ce, Baturen ya fi Wilkin. Ɗana ya zama malalaci, jifansa ba ƙarfi."

Ni ne malalaci? Tun bazara da hagu nake taje kaina, kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa. In koci ya ji, gobe ina jirgin komawa gida Santo Domingo, wani ya gaji rigata.

Ki aiko min man zafin nan naki. Kada Baba ya sani. Gara ya ce malalaci.

Ɗanki,
Wilkin