Katin da Kika Bari a Kwalin Dabino

Zuwa ga Rakiya, Maman Hafsa,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, masu tafiya inda kike ba sa ɗaukar saƙo. Amma kin san halina. Na yi shekaru ina aikin jarida kafin mu zo Jidda, kuma har yau ba na gane abu sai na rubuta shi.

Muna nan unguwar Kurayyat inda kika bar mu. An sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, ba wahala. Ina nan ina aiki a siton kaya na unguwar Khumra, ina fassara tsakanin direbobi da masu kaya. Nana ta fara famfara, haƙora biyu sun fita. Hafsa ta kusa kamo tsayinki. In na yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, kuma babu mai sa su maimaita kamar yadda kike yi.

Karatunsu ya dawo hannuna, muna zama bayan la'asar. Kin tuna shekarar da na sauya kafili, ubangidan da izinin zamanmu ke hannunsa, takardu suka makale, yaran suka rasa gurbi a makaranta? Kika ce za ki riƙe su a gida kafin abu ya daidaita. Da ya daidaita, kika ce ai kun riga kun yi nisa.

Akwai abin da ban taɓa ba ki haƙuri a kai ba. Na yi wa katunan da kike koyar da yaran da su dariya. Na ce ɗan jarida littafi ɗaya yake riƙewa ya kwashe komai, wannan yanke-yanken kwali aikin mai lokaci ne. Kika ce ni jaridar gobe nake rubuta wa, ke kuwa kina koya wa yara tunani ne.

Da na karɓi aikin, hanyata na bi. Na sayo musu littattafan rubutu, na kai su Balad, tsohon garin Jidda, na ce kowa ta kawo rahoton bincike a kan tsofaffin gidajen. Hafsa ta kawo shafi uku na Larabci mai santsi. Na tambaye ta wace jimla ce tata, ta sunkuyar da kai. Duk daga waya ta kwafo. Nana kuwa layi ɗaya ta rubuta, wai gidajen suna baƙin ciki.

Ranar na sauko da kwalin dabinon da kike tara katunan. Yaran ne suka koya mini ƙa'idojinki. Kati ɗaya, magana ɗaya. A ja layi a tsakiya. A dama a sa abin da majiya ta ce, a hagu abin da mai rubutu yake tunani, kada ɗaya ya tsallaka wa ɗaya. In littafi ne, a rufe shi kafin a ɗauki fensir. A bayan katin a rubuta wanda ya faɗa, da wuri, da rana. Kuma ba a dogara da “an ce” matuƙar wanda ya ji da kunnensa yana raye.

Muka koma Balad. Wani tsohon kafinta ya gaya wa Nana cewa daga teku aka sassaƙo duwatsun ginin. Ta sa wannan a dama. A hagu ta rubuta cewa ta lasa, ba ta ji gishiri ba. Na yi dariya, rabona da ita tun kina asibiti.

Da na ce kowa ta zaɓi abin da za ta bincika, Hafsa ta zaɓe ki. Ban hana ba. Ta zauna da maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa, ta rubuta maganarta da Hausa yadda ta fito daga bakinta, da kuskuren rubutu da komai. Ta kira yayarki a Kano. Sannan ta bi kwalin kati bayan kati, har ta kai ga wani a can ƙasa, da rubutun hannunki.

A dama kin rubuta: “Abban Hafsa ya ce likita ya ce ana samun sauƙi.” A hagu: “Bai kalle ni ba da yake faɗa. Na gane. A bar shi, shi ma yana bukatar abin riƙewa.” A baya ga sunana, da sunan ɗakin da aka kwantar da ke, da ranar.

Jiya Juma'a, bayan mun ci abinci, Hafsa ta ajiye wannan kati a gabana, ta ɗauko wani sabo ta ja masa layi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce abin da ke hannunta “an ce” ne, wanda ya ji daga bakin likita kuma yana raye, don haka ta zo wajen majiya.

Rakiya, na so in ce na manta. Maganar har ta zo bakina. Amma wata huɗu ke nan ina gaya mata kada ta sa a dama abin da ba a faɗa ba. In na yi mata ƙarya a kan katin uwarta, da wane baki zan sake gyara mata rubutu? Kuma wa ya rage mata da za ta yarda da maganarsa?

Na gaya mata. Likita ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce makonni suka rage, in an yi tsawon rai wata biyu, ya ce gara ki sani. Na wanke fuskata, na shigo na ce miki ana samun sauƙi. Ni da na yi rayuwata ina faɗa wa mutane abin da ya faru, na kasa faɗa wa mutum ɗaya da ya fi kowa haƙƙin ji.

Ta rubuta. Ta sa na maimaita jimla ɗaya. Ta karanta mini abin da ta ɗauka, yadda kika koya mata, ta tambaya ko haka na ce. Na ce haka ne. Ta juya katin ta sa sunana da ranar. Da ta zo gefen hagu sai ta kare da tafin hannunta, ta daɗe tana rubutu.

Me ya sa ba ki nuna mini kin sani ba? Kwana nawa muka yi ina ɓoye miki, kina ɓoye mini cewa kin gano? Me za ki ce da ni da na ba ki dama? Na hana mu sallama, kuma ke kika ɗauki nauyin rufa mini asiri. Ki yafe mini.

Katin Hafsa yana cikin kwalin, kwalin yana kan kabad, hannuna yana kaiwa. Ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba. Gefen hagu nata ne. Abin da na sani kawai, yau da safe ta kawo mini katunan Hajiya Tabawa ta ce in duba mata rubutun Hausar, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Da Hausa ta roƙa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu cikin rahamarSa. Sai mun zo.

Wanda ya faɗa: mijinki, Abban Hafsa.
Kurayyat, Jidda, ranar Asabar bayan la'asar.