Lissafi ya kashe tsintsiyar gidana

Zuwa ga Mai girma Sufeto mai kula da makarantun boko na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan buronka, wato ofishinka. Allah ya sa ruwan da ya fara sauka ya ɗore.

Ranka ya daɗe, cikin alhini nake sanar da kai cewa tsintsiyar gidana ta rasu. Ta cika ran Lahadin da ta wuce, bayan jinyar wata biyu, kullum tana ramewa ba a san dalili ba. Ta bar igiyar ƙugunta da tsinke goma sha ɗaya. Binciken da maiɗakina ta gudanar ya wanke gara, ya wanke akuya. An samu sauran gawar cikin jakar lakol, wato makaranta, ta 'yata Rabi, an kakkarya ta, an ɗaɗɗaure goma-goma da zaren da aka ɗebo daga shagona.

Na san buronka bai rasa manyan matsaloli ba, kuma ba kuɗin tsintsiya nake nema ba. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Gangara, shekara ashirin da biyar ina auna kafaɗun mutane ban taɓa yanke wa wani riga ta ƙi shiga ba. Na yi lakol har kwaleji kafin hali ya mayar da ni gida, kuma har yau duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karanta ta, ko da an ƙunshe ƙosai a ciki. Rabi shekararta tara, tana aji uku. A jarrabawar tsakiyar shekara ta samu bakwai cikin goma a lissafi. A ta ƙarshe ta samu uku. Mushe darakta, shugaban malaman lakol ɗin, ya ce min da wannan ukun za ta maimaita aji.

Ga abin da ya sa maganar ta fi ƙarfin wasa. Surukata da ke Agiye ta tsufa, ta daɗe tana roƙon a ba ta Rabi ta riƙa taya ta aikin ƙuli-ƙuli. Bara na ce mata, a gaban mutane, a bar yarinya muddin tana ci gaba, ranar da ta maimaita aji kuwa ni da kaina zan kai ta. Na faɗi haka ne don ban taɓa zaton ranar za ta zo ba. Kai ma Bahaushe ne, ka san ba a janye wa suruka magana. Saura mako biyu a rufe lakol, kuma tsohuwa ta riga ta aiko a tambayi yaushe za a sa yarinya a mota.

To ga kokena.

Na ɗaya, shekara uku, malami uku, lissafi iri uku. A ajin farko da tsakuwa suka ƙirga, da Hausa. A na biyu aka kawo wani mushe, wato malami, ya ce a zubar da tsakuwa, a hau allo da Faransanci. Bana sabuwar malama, Madam, ta zo ta ce kowa ya kawo tsinke ɗari, a ɗaure goma-goma. Ban ce ɗayansu jahili ne ba. Amma da zan yanka riga da awo ɗaya, in ɗinka da wani, in sa maɓalli da na uku, da tuni an kore ni daga kasuwa. A wannan shekara uku ba wanda ya taɓa kiran iyaye ya ce mana ga yadda ake yi yanzu. Ana kiranmu in za a yi rumfar aji, a kawo kara da itace. In an zo kan abin da ake zubawa cikin kan 'ya'yanmu sai mu zama baƙi.

Na biyu, jinkiri. Wata ranar kasuwa ina da mutane a shago, na ce wa Rabi, don in ɗan yi alfahari da ita, santimita hamsin da biyu a cire ashirin da bakwai, saura nawa? Yarinyar nan ta tsuguna a ƙasa, ta zazzage jaka, ta jera ɗauri biyar da tsinke biyu, ta tsaya tana kallonsu kamar mai duba. Sannan ta kwance ɗauri ɗaya ta shiga ƙirga. Ta samu amsar, ban musa ba. Amma kafin ta samu na gama ɗinke hannun riga. Malam Garba mai amalanke, da ke jiran wandonsa, ya ce: "Tela, wannan in ta kai aji shida sai ka yi hayar amalankena ta ɗauko mata kayan lissafi." Aka yi ta dariya, ni ma na taya su don dole.

A zamaninmu, in na sama ya gaza na ƙasa, sai ka ɗora ɗan ƙaramin ɗaya a sama, ka ɗora wani a ƙasa a layi na gaba, ka wuce abinka. Da wannan aka yi likitoci da gwamnoni a ƙasar nan, ina kyautata zaton har da kai. Don haka wata biyu ke nan da na tattara tsinkayen Rabi na zuba a murhu, na ce kada in ƙara ganin irinsu a gidana. Kullum bayan la'asar nakan zaunar da ita a bakin shago da allo da alli in koya mata lissafin manya. Sau ɗaya ta tambaye ni: "Baba, ina aka samo ɗayan nan?" Na ce mata ba a tambaya, haka ake yi. Tun daga ranar ba ta sake tambaya ba, abin da na ɗauka alamar ta gane.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci min rai. A makon da na ƙone tsinkayen aka yi taron iyaye a gindin bishiyar lakol. Ba ni kaɗai ke da ƙorafi ba. Wata mata ta tashi ta ce ɗanta ya tsige mata dannin gida har kaji suna fita. Wani ya ce shi bai yi boko ba, amma in ya ga dami arba'in a gona ya san huɗu ne zakka ba tare da ya kwance ko ɗaya ba, to me ɗansa yake yi shekara uku? Da aka zo kaina na miƙe na tambayi Madam ko lissafi take koyarwa ko sana'ar itace. Na ce in tsinke ne ilimi, to masu saƙar zana su ya kamata a ba aji. Mutane suka tafa. Ita kuwa sai ta ce: "Baban Rabi, ka zo ka zauna mana a aji ko na awa ɗaya ne." Na ce ni na gama aji uku tun ba a haife ta ba.

Na yarda harshena ya yi kaifi. Amma ka duba lissafin da kanka, Ranka ya daɗe, ko da tsinke ko babu. Kafin in yi magana, bakwai. Bayan na yi magana, uku. A tsakanin nan yarinya ta samu ƙarin darasi a gida kullum, daga mutumin da awo ne abincinsa. Ta yaya mai malami biyu za ta koma baya? Ba na son in zargi kowa da abin da ban gani ba, amma sau biyu ina zuwa wurin mushe darakta in ga takardar jarrabawar, sau biyu ana ce min tana cikin akwati, makulli yana wurin Madam. In uba ya yi laifi, ga uban nan, shagonsa ba ɓoyayye ba ne. Kada a rama a kan yarinyar da ko taron ba ta je ba.

Rabi ta daina cin abinci sosai. Shekaranjiya uwarta ta same ta tana naɗe kayanta cikin zane, ba wanda ya sa ta.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. A nuna min takardar 'yata in gani da idona. A sake gwada ta kafin a rufe lakol, a gaban wanda ka yarda da shi. A tsayar da hanya ɗaya da yaro zai bi daga ajin farko har ya fita, ba kowane malami ya zo da tasa a aljihu ba. Sannan duk lokacin da za a sauya, a tara iyaye rana guda a nuna mana, da Hausa, don mu ne yaran ke komowa wurinmu da yamma da tambayoyi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Sani Tela, mahaifin Rabi

Ƙari. Na gama wasiƙar nan jiya, ban kai ga aikawa ba. Yau da safe Madam ta zo shago da kanta, ta ajiye takardar a kan keken ɗinki, ta ce: "Baban Rabi, duba gefe." Tambaya goma ce. Uku da Rabi ta ci, a gefen kowace akwai 'yan layuka da ta zana goma-goma, sannan ta goge da yawu don kada in gani. Bakwai da ta faɗi kuwa babu layi ko ɗaya. Ɗan ƙaramin ɗayana ne a ko'ina, sama da ƙasa, inda ake bukatarsa da inda ba a bukata, an ɗora wa kowace lamba kamar hula.

Ban goge komai a wasiƙar ba, don sauran roƙona uku suna nan, musamman na sake gwajin. Amma zargin da na yi wa baiwar Allahn nan kuskure ne, kuma ukun nan nawa ne, ba na Rabi ba. Na sayi tsintsiya biyu, ɗaya ta shara ce. Gobe ina aji uku da ƙarfe takwas.