Guron Gonar Sirajo

Zuwa ga Yaya Mairama, Birnin Tsaba.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya kaka, an samu shiga gona an yi girbi kuwa?

Mu nan Fatakwal lafiya lau, kar ki damu. Ina wanke-wanke wurin mai tuwo, ana samun abin sawa a baka. Sai dai ɗiyata Zulaihat. Tun da aka kashe babanta Sirajo a gona ba ta cin abin kirki, wuyanta duk ƙashi. Loma biyu sai ta ture tasa, wai miyar busasshen guro take so, irin ta gida.

Da na ga kaka ta yi, na sayi kwando guda na guro, wanda Kanawan nan ke kira kuɓewa, na yayyanka na shanya a rufin kwano yadda muka saba. Ashe nan ruwa ba ya ɗaukewa. Ya yi yauƙi, ya yi funfuna, na zubar ina kuka. Na sayo busasshe a kasuwa, ta ƙi, ta ce ba na gonar Baba ba ne.

Don Allah, Yaya, ki aika kasuwar Moriki a sayo ɗanye, ki shanya da hannunki, ki ba Tsoho direban motar shanu ya taho da shi. Ki zuba a jakar fatar Sirajo da ke rataye a zaure, ta san ta. Zan ce mata na gonarsa ne. Allah ya yafe mini, in dai za ta ci.

Ƙanwarki,
Saliha.