Rumfunan Bakin Hanya

Rurum, Maris 1958

Zuwa ga maiɗakina Sakinatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Habu da su Baba da dukkan mutanen Kibiya. Allah Ya sa haka, amin.

Kada ki dawo tukuna. Sanƙarau ya yi ƙarfi a nan, ɗakin shan magani ya cika har baranda. Na roƙi dagaci ya ba ni fili a bakin hanyar Rano inda iska take kaɗawa, muka kafa rumfunan zana, kowane majinyaci da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Mu uku ne kawai, sai na raba aiki. Laraba ungozoma ta riƙe ɓangaren mata, ni allura da ƙwayoyi. Ishiyaku mai wankin miki kuwa, ran da muka yi gawar farko ya gudu. Da ya dawo ya kasa haɗa ido da ni. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma na tsorata a ranar. Na sa shi ɗebo ruwa da dafa allurai, daga nesa. Yanzu da kansa yake shiga yana juya marasa lafiya. Liman ma ya taimaka, ya faɗa a masallaci a daina ɓoye masu ciwon wuya a ɗaka.

Ina kewar kununki. Ki shafa min kan Habu.

Naki,
Sharfaddeen

Rurum, Afrilu 1958

Sakinatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san labari ya riga wasiƙata isowa, to ga gaskiyarsa.

Malam Ramalan, wanda yake zagayen duba mu daga birni, ya zo ranar Talata. Ya ce wani babban baƙo zai bi ta hanyar nan, bai kamata idonsa ya faɗa kan rumfuna ba. Wai in rushe su, in mayar da majinyata gidajensu, in shafa wa ɗakin magani farar ƙasa. Na nuna masa Huseina, yarinyar da sai a kwanakin nan ta fara iya haɗiyar ruwa. In ta koma ɗakin da ƙannenta suke kwana, su wa zan binne? Ya ce umarni ne. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, farar ƙasa zan shafa. Amma rumfa, sai dai ka ɗauki gatari da hannunka, ina tsaye ina kallo."

Bai ɗauka ba. Baƙo ya wuce a mota, ban ma san ko ya waiwayo ba.

Na ji Baba yana cewa in je in ba da haƙuri. Ki gaishe shi da girmamawa, ki ce masa da rashin kunya na yi, da tuni na durƙusa. Wannan kuwa aikina ne.

Mijinki,
Sharfaddeen

Rurum, Mayu 1958

Sakinatu, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ya jikin Habu da haƙoran? An yi ruwan farko, ciwo ya ja baya. Huseina ta koma gida da ƙafarta, sai dai kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

An kira ni Rano. Malam Ramalan ya keɓe ni, ya ce ya ji Ishiyaku ya taɓa gudu, kuma na sama suna son a hukunta wani. In na ce Ishiyaku ne ya zuga ni na ƙi rushe rumfuna, shi za a kora, ni in zauna a kujerata. Na gaya masa ni na kafa rumfa, ni na hana a rushe, kuma ma'aikacin da yake ƙarƙashina ba a cin namansa da yawuna. In ana neman kan wani, ga nawa.

An mayar da ni ƙauyen Fassi, an rage min girma. Wurin shan maganin can ɗaki ɗaya ne, ko tebur babu. Raina ya sosu, ba zan ɓoye miki ba, amma ko gobe aka sake, haka zan yi.

Kafin wanda zai gaje ni ya iso na koya wa Laraba awon ƙwayoyi, Ishiyaku kuma hannunsa ya faɗa a allura. Jiya ya zo zai yi min godiya, kuka ya hana shi, na kore shi ya je ya wanke hannu, masu miki suna jira.

Ki ɗaure kayanmu, zan biyo ta Kibiya ranar Asabar. An ce mutanen Fassi ba su da rijiya mai kyau, da rijiyar zan fara. Wanda ya tura ni can don in yi shiru bai san ni ba.

Wassalam, mijinki har kullum,
Sharfaddeen