Mutanen Dutse Ma Suna da Baki

Nukkai, Jalingo.

Zuwa ga Kawu Maishanu,

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan sai godiya. Maigidana Mahadi ya koma bakin aiki, Binta kuma ta fara rarrafe, ba abin da ya tsira a ɗaki.

Kawu, Aishatu ta isar mini da saƙonka. Wai na wulaƙanta littafin da ka ba ni a gaban ɗalibai, don haka ko in hana yara sa masa baki, ko in mayar maka da shi Zariya. Ka gafarce ni, ba zan yi ko ɗaya ba.

Ina son littafin nan. Har gobe ina jin muryarka kana karanta mana yadda matafiyin ya hau bayan shamuwa ya tafi neman gangar da ke kiran ruwan sama. Ranar da na fara karanta wa 'yan ajina, aka kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa. Amma zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Mun iso babi na shida, inda ya faɗa hannun mutanen dutse masu wutsiya, masu cin naman mutum, waɗanda aka ce ba su da yare sai haushi. Da muna yara nan muka fi dariya. A ajina kuwa ba wanda ya yi dariya. Sai Abigail, wata 'yar ƙabilar Mumuye mai ƙwazo, ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko su ake nufi, don kakarta har yau a kan dutse take zaune, kuma ita dai ba ta taɓa ganin wutsiyarta ba. Kawu, rabin ajin nan daga duwatsu iyayensu suka sauko.

Na ce mata marubucin gwani ne, amma a nan ya ba da labarin mutanen da bai taɓa cin tuwonsu ba. Iyakar wulaƙancin ke nan, kuma ko gobe haka zan faɗa. Abokin aikina Malam Peter ya ce da na tsallake babin na huta. Ban yarda ba, domin ba zan koya wa yara karatu da rufe ido ba.

Tun da waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, na ce Abigail ta rubuto babin yadda mutanen dutse za su faɗe shi. A nata, baƙo ne ya faɗo musu daga sama duk ƙura, suka yi ta ɗura masa kunu, shi kuwa ya tsere yana zaton kiwata shi ake yi. Na sa maka shi cikin ambulan. Ka karanta da muryar nan taka, sannan ka yanke mini hukunci.

Littafinka kuwa yana hannunta. Ta yi masa sabon bango, ta ce tana fushi da shi, amma ba za ta ajiye ba sai ta ga ko an samo gangar. Wanda zai ƙwace mata shi, ba ni ba ce.

A gaishe mini da Inna Raliya da Yaya Faruk da yara duka.

'Yarka mai biyayya, ban da wannan karon,
Fadila.